Sawun Da Babu Ƙafa A Cikinsa

Da safiyar da aka nemi jinin yaran aka rasa, Baba Sanyi yana kwance a bayan firjin wani mai kanti, rabinsa a ciki rabinsa a waje, wayarsa kuwa tana ta ruri a akwatin kayan aiki har ta gaji ta sake. Sai da mai kantin ya taɓa masa ƙafa sannan ya fito ya ɗauka.

Auta ce, 'yar marigayi ƙaninsa, wadda ya riƙe tun tana rarrafe.

"Baffa, ka zo. An kwashe jinin yara daga babbar firiza, wai kuma ni ce."

Ko hannu bai tsaya wankewa ba.

Ɗakin gwaje-gwajen yana can bayan asibiti, ƙarshen wani dogon baranda. Baba Sanyi ya san shi kamar ɗakin kwanansa, domin duk wani abu mai sanyi da ke ciki shi ya kafa shi. Matarsa ma, wadda kowa ke kira Malama, a nan take aiki tun suna da ƙuruciya, kuma su biyun ne suka tsaya wa Auta har aka ɗauke ta. Ubansa mai bin sawun dabbobin da aka sace ne, ya kuma koya masa sana'ar tun yana ƙarami. Da ya girma ya kama aikin sanyi, sai ya daina bin sawu a ƙasa ya koma bin sa a ƙura da ƙanƙara. Amma abin da ya fi tinƙaho da shi kunnensa ne. Yakan ce daga bakin ƙofa yana sanin injin da ya kwana lafiya da wanda bai kwana ba, kuma ba a cika kama shi da ƙarya ba.

Ya tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Dakta, shugabar wurin, mace ce gajera mai kaifin harshe da taushin zuciya, amma yau taushin ya ɓuya.

"Baba, duk abin da ke saman firizar nan babu shi," in ji ta. "Jinin yara masu sikila ne, shekara da shekaru ina tara shi. Wasu daga cikin yaran nan sun rasu. Ina zan je in sake ɗibar jininsu?"

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Malama, da Auta. Malama ta fita tun da sassafe da motar karɓo samfuri daga ƙananan asibitoci, wayarta ba ta shiga. Auta ce ta kulle firizar jiya." Ta rage murya, ya matso yana kallon bakinta. "Na san 'yarka ce. Amma idan aka tashi aiki ba a gani ba, dole in kai magana sama, kuma sunanta zan kai. Ka san daga nan babu ɗakin gwajin da zai sake ba ta makulli."

Auta tana zaune a kan wata doguwar kujera, idanunta sun kumbura. Ya dafa mata kai.

"Kin karya kuwa?"

"Baffa, wa ke ta abinci?"

"Tashi ki sha shayi. Ba a bin sawu da mai jin yunwa a baya."

*

Babbar firizar tana tsaye a kusurwarta, ta fi mutum tsawo, allonta yana nuna tamanin ƙasa da sifili kamar kullum. Shi ya kafa ta bara, ya auna mata ƙasa, ya ja mata wayarta ita kaɗai, ya kuma hana kowa ɗora mata ko da kwali a kai. Yana ji da ita, har Malama takan ce da firizar tana magana da tuni ya koma kwana a wurinta.

Ya zura safar hannu mai kauri, ya buɗe babbar ƙofar, ya buɗe ƙaramar ta sama, ya leƙa da sauri ya mayar. Ba a barin irin wannan ƙofa a buɗe ana tunani. Sai da ya rufe sannan ya yi tunaninsa.

Ba a ɓalle komai ba. Ƙaramar ƙofar a sakale take daidai. Ƙasa babu tabon ruwa ko ɗigo. Sannan robar bakin ƙofa, wadda ƙanƙara ke taruwa a kanta duk lokacin da aka daɗe ana ɗiba, an goge ta tas daga sama har ƙasa.

"Dakta, kin taɓa ganin ɓarawon da ya gama sata ya tsaya goge robar ƙofa?"

"Me kake nufi?"

"Wanda ya ɗauki jinin nan yana tausayin firizar. Ina fata yana tausayin jinin ma."

Ya fara da mai shara, wata dattijuwa da ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Ya same ta a baranda ta rungume tsintsiya.

"Ni dai ka san tun ranar da ka yi mini faɗa a kan cire waya, ko inuwar abin nan ba na takawa," in ji ta. "Daga nesa nake miƙa tsintsiya. Ga shi kuma kwanan nan sai tsiwa yake yi kamar ɗan tsako."

"Wane tsako? Tsakon yana cikin kanki, Iya. Firizar nan lafiyarta ƙalau, ni na duba ta da kaina."

"To, kai ka sani. Amma in tambaya kake, ka tambayi Dogo me yake fita da shi a kula kullum da yamma. Ban ce komai ba fa."

Dogo, mai gwajin fitsari da majina, yana jin an ambaci kula sai gumi ya keto masa. Ya yi rantsuwa, ya sake yi, sannan ya ja Baba Sanyi gefe ya buɗe ƙaramin firjin magungunan gwaji. Can ƙurya, bayan kwalabe, ga wani ƙunshi a leda.

"Allurar mahaifiyata ce, Baba, ta ciwon suga. Firjinmu na gida ya mutu. Da safe in kawo, da yamma in tafi da ita. Don Allah kada Dakta ta ji."

Baba Sanyi ya dube shi daga sama har ƙasa, tafiya ce mai nisa.

"Duk tsawon nan naka babu inda hankali ya samu ya zauna? Abin da za a tsira wa tsohuwa a jiki shi kake ajiyewa kusa da kayan gwaji? Fitar da shi yanzu. Da yamma ka kai ni gidan in ga firjin. Ni ina raye uwarka tana rasa sanyi, ai abin kunyata ne."

Dogo ya yi ta godiya. Sai dai jinin yara bai fito ba, rana kuma tana ta yin sama.

*

Maigadi yana zaune a bakin ƙofar baya yana fifita da kwali.

"Babu wanda ya fita da kaya jiya sai Dogo da 'yar kularsa," in ji shi. "Wannan kuwa ko kwalba biyar ba za ta ci ba. Auta ta fita, jakarta ƙarama. Malama ce ta fita ƙarshe, ta tambaye ni jikin yarona, hannunta babu komai."

"To me ya fito da kai nan cikin rana? Ba a lungun sito kake zama ba?"

"Bari kawai, Baba. Lungun nan da yake da daɗin zama, kwana biyun nan ya zama gidan burodi. Ka jingina da bango sai ka ji ɗumi."

Baba Sanyi ya juya ya dubi lungun. Abu na farko da yake koya wa duk wanda ya tsaya ya saurare shi ke nan: firiza ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi take kwashewa daga ciki ta zubar a waje. Duk inda bango ya yi ɗumi babu dalili, akwai abin da ke yin sanyi a bayansa.

Ya bi lungun yana shafa bango da tafin hannu. Sanyi, sanyi, sai ɗumi. A daidai ƙofar sito ya ji ƙasa tana ɗan kaɗawa a tafin ƙafarsa.

Ya tura ƙofar ya shiga. Tsohuwar firiza ce, wadda ya sauke daga aiki da aka kawo sabuwa. Ba mutuwa ta yi ba, tsufa ne kawai, shi ya sa ya hana a sayar da ita. Ya bar ta a manne da bango, a kashe, an lulluɓe ta da tsohon labule. Yanzu ga labulen a ninke a kan kujera, fitilarta tana ci, allonta yana nuna sanyi ya kai inda ake so. Ya buɗe da sauri. Ga akwatunan a jere a cikin ragarsu ta ƙarfe, fari fat da ƙanƙara, ko ɗaya bai yi gumi ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce da ƙarfi, shi kaɗai. Har ya juya zai kwala wa Auta kira, sai jinin ubansa ya motsa. An ga kaya, saura mai sawu.

Ya kunna tocila ya durƙusa. An share gaban firizar, babu abin karantawa a nan. Ragar da ke tace ƙura an cire ta an wanke, an mayar. Sanyi irin wannan kuwa ba ya samuwa a awa ɗaya, sai an bar inji ya yi ta aiki babu komai a cikinsa kafin a zuba masa kaya. Wanda ya yi wannan ya yi duk abin da Baba Sanyi yake ta faɗa shekara da shekaru ana hamma.

Ya leƙa baya. An janye firizar daga bango, kuma a nan tsintsiya ba ta kai ba. A cikin ƙurar, tsakanin bango da ƙarfe, ga sawun takalmi ƙwaya ɗaya, a kwance a gicciye, dunduniya ta taɓa bango, baki ya taɓa firiza. Babu ɗan'uwansa. Bai kuma nutse ba, a sama-sama yake, gaba da baya duk ɗaya. Takalmi ne da aka cire aka ajiye da hannu, babu ƙafa a cikinsa.

Mutum ɗaya ya sani a duniya da ke auna tazarar firiza da bango ta haka, shi ne shi kansa. Ba ya yawo da ma'auni, takalminsa yake cirewa ya kwantar. Amma wannan ya yi wa ƙafarsa kaɗan. Ya matso da tocila. A dunduniyar akwai layi uku a jere, irin na robar ƙofar firji. Shi ya yanko robar, shi ya manna ta da hannunsa, ranar da Malama ta ce dunduniyar takalminta ta cinye kuma ba za ta rabu da shi ba.

Ya zauna a ƙasa, cikin ƙurar.

Me zai sa Malama ta kwashe jini daga sabuwar firiza ta kai tsohuwa, ba ta gaya wa kowa ba? Matar da ko cokali ba ta mayarwa inda ba wurinsa ba? Sai abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, babu mai daɗi a ciki. Ranar da ya zo duba firizar, tana tsaye a bayansa ta ce, "Malam, ba ka ji wani abu ba?" Ya ce mata shi za ta koya wa aiki? A gida ta sake cewa ya ƙara leƙa ta, ya ƙara wa rediyo murya. Ga kuma tsakon mai shara.

Ya koma ɗakin gwaji bai kula kowa ba. Ya kwance ragar ƙasan babbar firizar, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin fanka, ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Nan take ya ji ta, ba ta kunne ba, ta ƙashi: gurza, gurza, kamar ana niƙa yashi. Ya haska. Fankar tana juyawa, ta yi kamar za ta tsaya, ta sake fizga. Da rana ta take, zafi ya yi yawa, sanyin zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, bai kai a yi ƙararrawa ba, kuma saman ne zai fara ji. Wata rana kuwa za ta tsaya gaba ɗaya.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Tare da ita kuma wani abu mai ɗumi ya cika masa ƙirji, har ya rasa wanne zai fara ji.

*

Ya ce Dakta ta tara kowa a gaban firizar. Mai shara ta zo da tsintsiyarta, Dogo ya tsaya can baya ko da yake babu bayan da zai ɓoye shi, maigadi ya leƙo daga ƙofa. Ana cikin taruwa motar samfuri ta dawo. Malama ta shigo da kula a hannu tana sallama, sai idonta ya faɗa kan fuskar Auta.

"Ke, me ya same ki?"

"Wai na sace jinin yara, Mama."

Malama ta dire kular. Fuskarta ta canza gaba ɗaya.

"Inna lillahi! Dakta, ba ki ce sai mako mai zuwa za ki buɗe saman ba? Yarinyar nan ba ta san komai ba, ni ce..."

"Dakata, Malama," in ji Baba Sanyi. "Ni aka kira bin sawu, bari in kai shi gida." Ya juya ga Dakta. "Jininki yana sito, cikin tsohuwar firiza, ko ɗaya bai narke ba. Dogo, raka ta ta gani."

Suka tafi da gudu-gudu, suka dawo Dakta tana share ido da bayan hannu, tana kuma ƙoƙarin ɗaure fuska.

"To wa ya kai shi, kuma don me?"

Yana iya cewa an yi gyara ne aka manta ba a faɗa ba. Dakta za ta yi faɗa ta haƙura. Amma gobe za a riƙa kallon Auta ana cewa Baffanta ne ya rufa mata asiri, kuma wannan tabon ba ya fita.

"Kowa ya yi shiru," ya ce. "Duk wanda yake jin wani kuka daga firizar nan ya ɗaga hannu."

Mai shara ta riga kowa, har da tsintsiya. Dogo ya ɗaga. Maigadi ya ɗaga. Dakta ta karkata kai, ta ɗaga a hankali. Auta ta dubi Baffanta, ta ɗaga nata rabi. Malama kaɗai ta bar hannunta a ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Ai mun ɗauka haka take," in ji Dogo. "Tunda kai ka ce lafiyarta ƙalau."

"To ni ba na jin komai," in ji Baba Sanyi. "Ko kaɗan. Fankarta ce take mutuwa, tana ta kuka a gabana na ce lafiya lau. Kunnen nan da nake cika muku baki da shi ya tafi, ban san ranar da ya fara tafiya ba. Malama ta ji. Ta gaya mini sau biyu na gwasale ta. In ta kawo miki ƙara, ta tona mijinta. In ta yi shiru, jinin yara ya lalace. Sai ta tashi tsohuwar firiza ta kwashe abin da ya fi shiga haɗari, tana jira ta shawo kaina. Auta ba ta da hannu a ciki. Iya, ki yafe ni, tsakonki gaskiya ne."

"Ai na faɗa," in ji mai shara, amma a hankali ta faɗa.

Dakta ta juya ga Malama.

"Malama, da jinin nan ya sami matsala a hanya fa? Ke da kike koya wa yara cewa ba a motsa samfuri sai an faɗa?"

"Na yi laifi, Dakta. Duk hukuncin da kika yanke daidai ne." Ta juya ta kamo hannun Auta. "Ke kuma ki yafe mini, 'yata. Ina can ina tattalin babba, na bar ƙarama a rana."

Auta ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya.

"Zancenki da ni sai gobe a ofis, kuma ba zai yi daɗi ba," in ji Dakta. Ta zaro makullin da ta karɓe da safe, ta danƙa wa Auta a gaban kowa. "Riƙe abinki. Ni ma ki yafe ni." Sannan ta dubi Baba Sanyi. "Kai kuma akwai likitan kunne a ginin gaba, abokin karatuna ne. Amma ba inda za ka sai ka cire mini wannan fankar."

Yana da sabuwa a mota. Aka kwashe sauran kayan zuwa sito, Malama tana ba da umarni, Dogo yana ɗauka. Baba Sanyi ya kwanta a ƙasa, Auta ta riƙe masa tocila, ya cire tsohuwar fankar ya ɗaura sabuwa, ya share ƙurar da ke wurin tunda ya riga ya shiga. Hannunsa dai bai manta komai ba.

Ya tashi ya kunna. Fitila ta kama, iska mai ɗumi ta fara fitowa ta ƙasa. Ya karkata kai kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru, kowa ya yi shiru yana jiran hukuncinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe wuya, ya juya wajen matarsa.

"Malama, me take cewa?"

Ta matso, ta rufe ido ta saurara. Leɓunanta suka motsa.

Da jiya ne, da ya gyaɗa kai ya ce haka ne, shi ma ya ji. Ya dubi mutanen da ke tsaye, ya dubi Auta da makulli a hannunta.

"Ɗan ɗaga murya," ya ce. "Ban ji ba."

Malama ta dafa kafaɗarsa, ta kai bakinta daidai kunnensa, a gaban Dakta da maigadi da kowa.

"Na ce lafiyarta ƙalau, Malam. Ta yi shiru."